Daga Hular Sista Zuwa Hijabin Nas: Tarihin Farar Rigar Asibiti



Watan jiya bayan sallar Isha'i, wani maƙwabcina ya zauna har masallaci ya watse, sannan ya matso kusa da ni ya ce, "Allah gafarta Malam, yarinyar nan tawa ta samu shiga makarantar nas. Uwarta sai murna take yi, ni kuwa kwana uku ban runtsa ba. Waɗannan kayan nasu na aiki, ya halatta ɗiyar Musulmi ta sa?" Na tambaye shi yaushe rabonsa da ya shiga asibiti ya dubi abin da ma'aikatan suke sawa. Ya ce shi dai abin da ya sani guntuwar riga ce iya gwiwa da 'yar hula a tsakar ka. Ashe hoton shekara 40 da suka wuce ne yake hana bawan Allah barci.

Ban yi masa dariya ba, domin wannan hoton ya taɓa yin hukunci a gidanmu. A farkon shekarun 1980 yayata ta gama makaranta da sakamako mai kyau, malamarta ta tako har zaurenmu ta roƙi Baba ya bar ta ta yi karatun jinya. Baba, Allah ya jiƙansa, ya ce shi 'yarsa ba za ta yi yawo da ƙwauri a waje ba, da wata hula kamar murfin kwano a kai. Magana ta ƙare a nan. Kafin azumi ya zagayo an yi mata aure. Ni kuma sai Allah ya sa abincina a sayar da yadi yake, kuma cikin masu sayen farin yadi a wurina akwai tsofaffin ma'aikatan asibiti da ɗalibai. Da hirarsu, da abin da na karanta a littattafan 'ya'yana, na haɗa tarihin wannan riga, kuma ina ganin ya kamata iyaye a unguwar nan su san shi kafin su yanke wa 'ya'yansu hukunci.

Aikin kansa ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya karanta sira ya san Rufaida al-Aslamiyya, wadda take da hema a masallacin Madina tana jinyar masu rauni. A yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu a jijiyar hannu, Manzon Allah (SAW) ya sa a kai shi hemarta don ya riƙa duba shi daga kusa. Mace ce, tana jinyar namiji babba, shugaban ƙabilar Ausu, cikin masallaci. Ba ta da wani yunifom, tufafin matan Madina ne a jikinta. To, abin da ya zo mana daga Turai shi ne rigar da makarantar da takardar shaida.

Amma ita ma rigar, in ka bi asalinta, za ka sha mamaki. Shekaru aru-aru a Turai, masu jinyar marasa lafiya mata ne masu zaman ibada na coci, waɗanda ba sa aure, suna rufe jiki tun daga kai har ƙafa. Junansu suke kira 'yar'uwa, wato sista da Turanci. Daga nan kalmar ta samo asali, har yau muna cewa "sista ta zo" ba mu san sunan ibada muke kira ba. A 1836 wani limamin coci Bajamushe mai suna Theodor Fliedner ya buɗe gidan horar da mata masu jinya a garin Kaiserswerth. Ya ɗinka musu doguwar riga da farar hula mai rufe gashi, irin shigar matan aure masu mutunci na wannan ƙasa, domin budurwa ta iya fita cikin dare zuwa gidan mara lafiya ba wanda zai tare ta da maganar banza. Kun ji dalilin hular tun farko. Sutura ce, an yi ta ne don a rufe gashi a kuma kare mutunci.

A wannan gida Florence Nightingale, 'yar masu kuɗin Ingila, ta je ta koyi aiki a 1851, iyayenta ba su so ba. Su ma a lokacin gani suke jinya aikin matan da ba su da gata ne, mashaya, marasa kamun kai. Wato irin kallon da Baba ya yi wa aikin, Turawa sun riga shi yi da shekara ɗari da wani abu. A watan Oktoba 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, aka tura ta da mata 38 zuwa asibitin soja na Scutari, unguwar da yau ake kira Uskudar a birnin Istanbul. Ku lura, ƙasar Daular Usmaniyya ce, Ingila da Faransa suna taya Sarkin Musulmin Istanbul yaƙi da Rasha. Fiye da rabin matan nan daga gidajen ibada suka fito. Sauran kuwa ta sa musu riga mai ruwan toka, doguwa, mara fasali, da farar hula, da wani ƙyalle da ake ratayawa daga kafaɗa an rubuta sunan asibitin da jan zare. Ta hana ado da furanni da ƙyallaye masu launi. An ce matan sun tsani rigar don muninta. Ita kuwa abin da take so ke nan: sojan da ya ga wannan riga ya san ba macen da za a yi wa wasa ba ce.

Bari in ɗan ratse. A daidai wannan shekara ta 1854, Muhammadu Kwairanga ne Sarkin Gombe a can Gombe Abba, Aliyu Babba yana Sarkin Musulmi, Nana Asma'u 'yar Shehu tana raye. Ita ma tana da mata da take turawa ƙauyuka su karantar da 'yan'uwansu mata, waɗanda ake kira jaji a tsarin 'Yan Taru. Duk wadda aka naɗa jaji, Nana takan ba ta malfa da jan rawani a ɗaura a kai. Matar da ta sa wannan malfa, ko'ina ta bi an san aikin da ya fito da ita, ba mai tsayar da ita. Mata biyu a zamani ɗaya, ɗaya a Sakkwato ɗaya a Istanbul, ba wadda ta san da wata, kowacce ta gane cewa macen da za ta fita aiki cikin jama'a tana bukatar alama a jikinta. Saboda haka masu cewa yunifom ga mace al'adar Nasara ce tsantsa, su koma su sake bincike.

Da Nightingale ta koma gida ta buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas na Landan a 1860, kuma daga wannan makaranta tsarin ya bazu duk inda Ingila ta yi mulki. In ka ga hoton nas ta shekarar 1900, riga ce har idon sawu, hannu har wuyan hannu, wuya a rufe, ga farin ƙyalle a gaba, ga hula ta tattare gashi. Ba abin da ke waje sai fuska da tafin hannu. Wallahi da a wannan shiga aka kawo wa Baba maganar, ina jin da ya ce a je a yi.

Fari kuwa ya samu gindin zama ne bayan likitoci sun gano ƙwayoyin cuta a ƙarshen wancan ƙarni. Farin yadi ana iya dafa shi a ruwan zafi a zuba masa bilic bai lalace ba, kuma ko ɗigon jini ya taɓa shi sai ya nuna. Wannan ni mai sayar da yadi na san shi: fari ba ya rufa wa ƙazami asiri.

To yaya aka yi riga ta guntule? Yaƙi ne da yayi. A yaƙin duniya na farko, 1914 zuwa 1918, mata masu jinya suna gudu cikin taɓo da jini, doguwar riga tana jan ƙasa, sai aka ɗage ta. A yaƙi na biyu yadi ya yi tsada, har gwamnatin Ingila ta fara raba tufafi da kati daga 1941, aka ƙara rage tsawo, aka yanke hannu. Bayan yaƙi matan Landan suka shiga yayin gajerun kaya, rigar nas ta bi su, musamman a shekarun 1960. Hula kuwa ta yi ta ƙanƙancewa har ta daina rufe komai, ta zama kwalliya da alamar muƙami, a sa mata sitaci a maƙala da fil a bayan kai. Rage tsawon farko yana da dalilin aiki. Na baya kuwa ba likitan da ya ce sai an ga gwiwa allura take shiga. Yayi ne kawai na wata ƙasa a wani zamani, kuma rashin sa'a a daidai wannan zamanin ne aka kafa makarantun jinyarmu.

Ga yadda abin ya shigo. Asibitin zamani na farko-farko a ƙasar nan na 'yan mishan ne, kamar Sacred Heart na Katolika a Abeokuta, 1895. Gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar ungozomomi a 1930, ta yi ta rajistar nas-nas a 1947. A 1952 aka buɗe makarantar jinya ta asibitin koyarwa na Ibadan bisa tsarin Landan sak, har da kaya. A wancan lokaci muƙamin sista na Turawa ne, baƙar fata sai dai ya tsaya a ƙasa. Wadda ta fasa wannan shinge ita ce Kofoworola Abeni Pratt, 'yar Legas, wadda ta yi karatu a makarantar Nightingale ɗin kanta, ta dawo gida a 1954, ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin Ibadan a 1964, 'yar ƙasa ta farko da ta riƙe wannan kujera. Ga irin su, hular nan da ɗamara da agogon da ake maƙalawa a ƙirji ba abin wasa ba ne. Abin da aka hana su ne suka ƙwato da ƙyar. Wannan ya sa ba na ganin laifin tsofaffin metiron da suka riƙe hula da ƙarfi. A 1979 aka haɗa hukumomin biyu da doka mai lamba 89, aka samu Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda ita ke ba da lasisi, ita ke faɗin irin kayan da za a sa.

A nan Arewa labarin ya ɗan bambanta. Turawan mulki sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, don haka aka taƙaita shigar 'yan mishan biranen Musulmi. Asibitocinsu da makarantunsu suka tafi wurare irin su Vom, Garkida, da Wusasa a gefen Zariya. A ƙasar Gombe, mishan ɗin SIM ya sauka Kaltungo a ƙasar Tangale a 1917. Shekara biyu bayan haka, a 1919, aka dawo da hedikwatar masarauta daga Nafada zuwa nan Gombe Doma, kuma daga nan kakanninmu suka fara kwararowa daga Kano da Katsina da Zazzau da sauran wurare, suna bin kasuwar auduga da gyaɗa, har jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1960. Mu mun zo da sikeli da allo. 'Yan'uwanmu na kudancin masarauta sun samu makarantar boko da wuri, mazansu da matansu. A ɗakunan shan magani na En'e maza ne ke ba da magani suna wanke gyambo, shi ya sa muke cewa malamin asibiti. Da aka zo bukatar mata a asibiti, 'ya'yan Tangale da Waja da mutanen Jos da na kudu su ne suka cike gurbin. Mu faɗi gaskiya, da yawanmu da muke karanta wannan mujalla a hannunsu aka haife mu, ko aka haifi 'ya'yanmu. Suna da haƙƙi a kanmu.

Sai aka shiga wani zagaye mara fita. Iyayenmu sun ƙi tura 'ya'ya saboda rigar, rigar kuma ba ta canja ba domin ba 'ya'yanmu a ciki da za su nemi a canja. Wa ya biya kuɗin wannan? Matanmu. Mace tana naƙuda kwana biyu a ɗaki ana ba ta rubutu da jiƙo, miji yana cewa ba zai kai ta inda ƙato zai duba ta ba, sai abu ya lalace a ɗauke ta a guje. Duk wanda ya yi limanci ko na rana ɗaya a unguwar nan ya san gawa nawa ya sallata ta irin wannan.

Ni na ga nawa. Wajen tsakiyar shekarun 1990, cikin dare, muka kai maiɗakina wani asibiti, haihuwa ta zo da gardama. Baba ya ce sai ya bi mu. Muka tarar ungozomar da ke aiki tana kan wata matar, wanda ya rage namiji ne. Baba ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Yanzu duk asibitin nan ba mace sai kai?" Mutumin bai ɗaga murya ba. Yana sa safar hannu ya ce, "Baba, ku yi haƙuri. Ina taku 'yar da kuka turo mana?" Baba bai ce uffan ba, ya fita ya zauna a benci. Allah ya sauke ta lafiya. A hanyarmu ta komawa gida da asuba, ba wanda ya ambaci sunan Yaya, amma na san ita ce a zuciyar kowa.

Canji ya zo a hankali. An ƙirƙiro Jihar Gombe ranar 1 ga Oktoba 1996, aka samu asibitin tarayya, wanda ya zama asibitin koyarwa a 2014 ko da yake bakinmu bai daina ce masa FMC ba. Ga Asibitin Ƙwararru na jiha, ga makarantar jinya da ungozoma a cikin gari, yarinya ba sai ta tafi Bauchi ko Jos ba. Makarantun Islamiyya na matan aure da 'yan mata suka yawaita, hijabi ya zama shigar yau da kullum, ɗalibai Musulmi suka fara tambaya: in dai hula don rufe gashi aka yi ta, me ya sa abin da ya fi ta rufewa zai zama laifi? A watan Fabrairu 2002 Majalisar Ma'aikatan Jinya ta fitar da takarda cewa nas mace tana iya sa hula, tana kuma iya sa hijabi mai tsayawa a kafaɗa. Wannan takarda ita ce hujjar da ake kafawa har gobe duk lokacin da wata shugaba, galibi a asibitocin kudu, ta ce wa yarinya ta cire. Shekara 20 bayan haka, a watan Yuni 2022, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar ɗaliban sakandaren Legas cewa sa hijabi haƙƙinsu ne. Ba kan asibiti aka yi shari'ar ba, amma ta ƙara wa maganar nauyi.

Akwai wani abin da ya faru a wannan shekara ta 2002 wanda ba mu cika son tunawa da shi ba, kuma a maƙwabtanmu ne. A asibitin tarayya na Azare, Jihar Bauchi, ma'aikatan jinya Kirista 11 sun rasa aikinsu saboda sun ƙi sa sabon yunifom mai wando da rufin kai. Magana ta je kotu, ta kai har jaridun ƙasashen waje. Ni dai a nawa ganin an yi kuskure. Mu da muka yi shekaru muna kukan an tilasta wa 'ya'yanmu hula, bai kamata da muka samu dama mu tilasta wa 'ya'yan wasu lulluɓi ba. Takardar Majalisa zaɓi ta bayar, ko wannan ko wancan. A gari irin Gombe, inda 'yar Kumbiya-Kumbiya da 'yar Billiri suke kwana a ɗakin marasa lafiya ɗaya suna miƙa wa juna almakashi, wannan zaɓin shi ne zaman lafiyar aikin.

Yanzu bari in juyo kanmu, domin nan ne maganar ta fi min zafi. An ba mu hijabi, sai wasunmu suka koma neman ƙari. Na ji uban da ya ce shi 'yarsa sai dai ta shiga ɗakin marasa lafiya da hijabinta na Islamiyya, mai jan ƙasa. Malam, ka taɓa ganin aikin? Za ta sunkuya kan mai gyambo, bakin hijabin ya shafi miki, ta juya ta sunkuya kan jariri. Za ta ɗauki fo, ta sa ƙarin ruwa, ta goge amai. Yadin da ke lilo a gabanta duk abin da ya taɓa ya ɗauka ya kai gado na gaba. Ba don ƙin addini aka ce iya kafaɗa ba.

Mu a wannan yanki bai kamata a koya mana wannan ba, domin cutar Lassa sunan garinmu na Arewa maso Gabas take ɗauke da shi. A watan Janairu 1969 wata nas 'yar mishan, Laura Wine, ta kamu da zazzaɓi a garin Lassa, aka kai ta Jos ta rasu. Wadda ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, tana da ɗan yanka a yatsa lokacin da take goge mata baki, ita ma ta bi ta. Ta uku, Penny Pinneo, sai da aka kai ta Amurka ta sha da ƙyar. Ku duba, mutum ukun farko da aka san cutar da su duk ma'aikatan jinya ne. A 2014 da Ebola ta shigo Legas, Dakta Ameyo Adadevoh da nas Justina Ejelonu suna cikin waɗanda suka rasa rayukansu a bakin aiki. Lassa kuwa har yau duk rani sai ta ɗauki ma'aikatan asibiti a jihohin nan namu. Kayan aikin nas garkuwa ne, gare ta da mara lafiya da mutanen gidanta.

Maganar hannun riga ita ce ta fi wuya, kuma ba zan ɓoye ba. Tun 1847 wani likita a birnin Vienna, Semmelweis, ya nuna cewa wanke hannu kawai yana rage mutuwar masu jego. Wanki na sosai yana bukatar a kai har gwiwar hannu, kamar alwala. A 2007 Ingila ta kafa dokar cewa mai taɓa mara lafiya kada ya sa komai daga gwiwar hannu zuwa ƙasa, ba dogon hannu, ba agogo. Musulmin can suka yi ƙorafi, a 2010 aka yarda su sa hannun riga na roba wanda ake yarwa bayan kowane mara lafiya. A 2019 wani asibiti a garin Derby ya fara ba ma'aikatan tiyata hijabi na sa-ka-yar, bisa shawarar wata matashiyar likita Musulma, Farah Roslan. Kun ga, da aka zauna aka yi magana da hujja, an samu mafita ba tare da an zagi kowa ba. A mazhabarmu ta Malikiyya abin da mace ke bayyanawa gaban ajnabi fuska ne da tafin hannu. Amma an ruwaito daga Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, sauƙi kan damtsen ƙasa ga macen da aikinta na wanki da girki ke sa ta naɗe hannu. Kuma babin larura sananne ne ga duk wanda ya zauna gaban malami. Abin da nake gaya wa masu tambayata shi ne, ta sa dogon hannu mai kama jiki, in aiki ya zo na wanke miki ko karɓar haihuwa ta naɗe ta wanke ta sa safa, in ta gama ta sauke. Wanda ya fi ni sani yana iya gyara min. Zobba da awarwaro da dogon farce kuwa ba su da wata hujja ko ta addini ko ta aiki, a bar su a gida.

Abin dariya, da korona ta zo a 2020, kowa a asibiti ya rufe baki da hanci da takunkumi, har metiron ɗin da take cewa ba a gane fuskar mai hijabi. Kuma yanzu yayi ya sake juyawa. Riga da wando masu launin kore ko shuɗi, waɗanda da a tiyata kawai ake sawa, sun fara cin kasuwar farar riga, maza da mata duk iri ɗaya. Amurka da Ingila da suka kawo mana hula sun daɗe da ajiye ta. Ni dai farin yadina ya fara kwantai, amma ba komai, wandon ya fi sutura.

Wani abin da nake gani daga bakin shagona yana damuna. Yarinya ta tashi daga aikin dare, da rigar da ta kwana da ita cikin marasa lafiya, da hijabin, ta hau Keke Napep ta matsu da mutane, ta shigo kasuwa ta taɓa tumatir da nama, ta isa gida ɗanta ya ruga ya rungume ta. Wasu ma sha'awa suke a gan su da farin kaya a unguwa. Haba 'yata. A tuɓe a asibiti, a sa a leda, a wanke daban da kayan gida. Mazajen da ke da mata ma'aikatan jinya, ku saya musu hijabin aiki uku ko huɗu, kada ya zama da na aiki ake sallah ake zuwa suna.

Akwai kuma masu sa farar riga ba su da gadonta. Yaro ya yi wata shida yana shara a kemis, ya je wurin tela ya ɗinka fara, ya rataya abin awon ƙirji a wuya, shi ke nan ya zama "dakta", yana yi wa mutane allura yana sa ƙarin ruwa a ɗaki. Tsofaffinmu da sun ga fari sun sallama. Amanar da mata irin su Pratt suka yi shekaru suna tarawa a cikin wannan riga ita ake ci da ita. Nas ta gaskiya tana da lasisin Majalisa mai lamba, ba laifi ba ne ka tambaya. Su ma na gaskiyan ina da magana da su. Mace tana murƙususun naƙuda ki daka mata tsawa, ki ce lokacin da kike jin daɗi ai ba ki kira ni ba. Matan unguwar nan sun sha kawo min wannan ƙara, kuma abin takaici yanzu ba za mu ce baƙi ne ke yi ba, har da namu masu hijabin. Matar da aka yi wa haka sau ɗaya, haihuwa ta gaba a gida za ta yi, mu koma gidan jiya.

Shi maƙwabcin nawa, na gaya masa kusan duk abin da na rubuta a nan, muna tsaye a ƙofar masallaci har mai shayi ya fara kwashe benci. Na ce ya je da ƙafarsa ya gani. Bayan mako guda sai ga shi a shago da yarinyar, da takardar makaranta mai jerin kayan da za a saya. Ya duba farin yadi kala uku, ya ɗaga kowanne a rana don ya tabbatar ba ya nuna jiki, ya zaɓi mai kauri. Ya ce wa yarinyar a gaya wa tela ya ƙara wa hijabin taƙi ɗaya. Ta ce, "Baba, akwai awon da makaranta ta bayar, in ya wuce za a mayar da ni gida." Ya kalle ni, na ce ai ita ta fi mu sanin wannan. Ya biya rabi, ya ce sauran sai ƙarshen wata. Yaya da na ba ta labari ta aiko wa yarinyar da agogon maƙalawa a ƙirji, ta ce jikarta ce ta sayo mata shi a Kano.